Layin da Hajiya Sabuwa Ta So a Tsallake

A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Khalidiyya, a Madina, Hajiya Sabuwa ta ji wani saurayi yana waya da Hausa. Yana gamawa ta miƙa masa takardar lafiyar jikarta, wadda sai da ita ake karɓar yara a sansanin hutun bazara.

"Ya waladi, ɗana, cike mini, idona ya gaji. Layin ciwo kuwa ka tsallake shi."

"Me ke damunta, Hajiya?"

"Ikram sikila ce. In suka gani, cewa za su yi ta zauna gida. Ƙawayenta duk an karɓe su, ita kullum tana bakin taga."

"To in ciwon ya tashi a can, cikin zafin Madinar nan, ba wanda ya sani fa?"

"Kai likita ne?"

"Ɗalibi ne, daga Zariya. Amma ni ma sikila ne. Har na shekara goma sha biyar ta taga nake kallon ƙwallo. Mu rubuta gaskiya, mu ƙara da cewa a riƙa ba ta ruwa, a ajiye ta a inuwa. In sun ƙi, ni zan raka ki wurin mudir, shugaban sansanin, ya gan ni da ƙafafuna."

Hajiya ta leƙa farin idonsa ko ya yi rawaya, yadda take wa Ikram kowace safiya.

"Rubuta," in ji ta. Ta zaro gorar ruwa daga jaka, ta dangwara masa a cinya. "Tun da ka zauna ban ga ka kurɓi komai ba. Shanye, ina kallonka."