Dokar Ruwan Sama a Ƙasar Rana

Mai girma shugaban ƙungiya, Haji Liyaƙat. Alƙalin wasanmu, Biju. Dattawa masu zama a inuwa suna koya mana wasa da baki. Direbobi, magina, masu shaguna, da duk wanda ƙamshin shinkafar biriyani ya jawo: assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni wannan dama, ni Tanwir, wanda aji huɗu ya gama da shi kafin ya gama aji huɗu.

Abu na farko, na zo amsa laifi. Dokokin da muke buga kurket da su, wasanmu na ƙwallo da sanda, a nan Sharja ta ƙasar Larabawa, ni na kawo su, shekara goma sha tara ke nan. Surukina na Ingila ya aiko da littafin, na kwafe shi baƙi da baƙi, ban gane rabinsa ba. Littafin ya ce in an yi ruwa a tsai da wasa. Ruwa, jama'a, a Sharja! Ranar da aka samu yayyafi, ranar da iska ke da daɗi, ranar da jiki ke son gudu, sai mu kwashe sanduna mu shige mota, wai littafi ya ce. Rana kuwa, wadda ke narka takalmi a kan kwalta, littafin bai san da ita ba, don waɗanda suka rubuta shi ba su taɓa gaisawa da ita ba.

Na biyu, Juma'ar da ta wuce. Zafi ya kai digiri arba'in da takwas. Biju ya matso ya ce, "Yaya Tanwir, mu tsaya haka, kaina juyawa yake." Na dubi sama na ce, "Ina hadarin? Nuna min a littafi!" Ba a yi minti goma ba, ɗana Zishan ya taho a guje zai jefa ƙwallo, ƙafa ta lanƙwashe, ya kife. Na kira sunansa sau uku bai amsa ba.

A asibiti, ana ƙara masa ruwa, ya buɗe ido ya ce, "Baba, mun ci?" Uwarsa ta juyo ta dube ni ta ce, "Ba shi amsa mana, babban lauya." Har yau a faranti ɗaya nake cin abinci da wannan kallon.

Saboda haka ina roƙo: in zafi ya kai arba'in da biyu, wasa ya tsaya, ko da wasan ƙarshe ne, ko da muna kan gaba.

Ga Zishan can yana hararata. Jibi ne wasan kofi, ya ce in muka ɗage za a ce mun ji tsoro. To, a ce. Ni na ji tsoro, ɗana, na ji, kuma kowa ya gani. Gara ka yi fushi da ni kana zaune. Shugaba, in za a ƙirga hannu, ga nawa tun yanzu.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sanyaya mana rana, Ya mai da kowa ga iyalinsa da ƙafafunsa.

Na gode.