Amsar Da Ta Kuɓuce Wa Malam Usaini

A tashar Kura, Malam Usaini yana gadin kwandunan tumatirinsa da suka fara tsiyaya. Direbobi sun ƙi shiga Kano, domin ana zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi. Wani tsoho mai rediyo ya zauna kusa da shi.

"Malam, ka ji? 'Yan sanda sun watsa barkonon tsohuwa, sun kwashe ɗalibai."

"Su suka ja wa kansu," in ji Malam Usaini. "Ana dukan Bagadaza, tumatirina yana ruɓewa a Kura. Ina ruwan talaka?"

"Da ruwansa mana. Duk inda mai ƙarfi ya taka mara ƙarfi, mu aka taka. A zamanin NEPU a ƙafa muke zuwa lacca daga Madobi, 'yan doka suna jiranmu da bulala, muna tafe muna waƙa."

"To, me kuka samu?"

"Bakin magana."

"Ni ban taɓa shiga wannan shirmen ba. Noma na sani."

Tsohon ya ƙura masa ido, ya kashe rediyon, ya ce a hankali, "NEPU."

"Sawaba," in ji Malam Usaini, tun kafin ya ankara.



"Kai ma an zane ka ke nan?" in ji tsohon.

"Har yau ba na kwanciya rigingine." Malam Usaini ya matso kusa. "Don Allah kunna rediyon nan. Jikana yana cikin yaran, kuma a bakina ya koyi waƙoƙin."