Sharar da ta ƙaryata Malam Kalilu

Da sunan Allah nake farawa. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagaci, Liman, shugabannin kasuwa, uwargidan marigayi Malama Hasana, babban ɗansa Mahdi, jama'a, assalamu alaikum. Ni ne Audi, dillalin awaki. An ba ni magana don an san bakina ba ya gajiya. An manta ba ya kuma iya ɓoyo.

Malam Kalilu ya kasance malamin firamare har ya yi ritaya. Ya kasance mutumin da damina bakwai, duk ruwan da aka yi, sai ya ɗaura raga a bakin kwalbatin rafin Yelwa, ya tsamo ledar da ta maƙale, ya shanya, ya ɗora a sikeli, ya rubuta. Mu kuwa sai dariya. Na taɓa ce masa, "Malam, nawa kilo yau, in saya?" Ya ce, "Audi, ai ka daɗe da saya. Tambayi mahaucin da ya farke akuyarka." Na tambaya. Leda ce danƙam a tumbinta.

Ya kasance bai gaji da aika wasiƙa ba, har masu binciken ruwa daga birni suka yarda su zo su auna da kansu. In awonsa ya tabbata, za a gina mana wurin zubar da shara nesa da rafi. Ya bi mu rumfa-rumfa yana roƙo: "Don Allah kada a taɓa rafin nan, su gan shi yadda yake." Muka ce to, har da dafa ƙirji.

Ranar da ya tafi Daura taryo su, sai aka ce, "Baƙi su same mu cikin ƙazanta? Abin kunya!" Aka kira gayya, aka share rafi tas. Wanda ya ba da umarnin yana nan zaune yanzu a kujerar gaba. Ba zan nuna shi ba, don baron da aka kwashe ledar nawa ne.

Washegari baƙi suka auna, abin bai cika buhu ɗaya ba. Shugabarsu ta duba littafin Malam Kalilu, ta ce, "Baba, ko dai ka ƙara sifili?" Muna tsaye. Ko tari babu wanda ya yi.

Bai sake ɗaura raga ba. Bai kuma zage mu ba. Da ma ya zage mu ɗin.

Malama Hasana, mijinki bai yi ƙarya ba, mu muka yi ta da tsintsiya. Mahdi, adana littattafan nan, kada su koma ƙunshin tsire. Na rubuta wa baƙin abin da muka aikata, na roƙe su su dawo bana. Saura sa hannun masu shara. Nawa yana nan. Ga takarda, ga biro, kuma bisa girmamawa, daga kujerun gaba za a fara.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Kalilu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya ba mu ƙarfin halin wanke sunansa. Amin.