Koren Hasken da Kuku Ya Gani

A ɗakin jiran likitan ido, wata malamar makaranta ta ji tsohon da ke gefenta ya yi ajiyar zuciya yana kallon wani koren haske da talabijin ke nunawa a sararin sama.

"'Yata, na taɓa ganin wannan koren hasken da idona. Me ke kawo shi?"

"Rana ce ke feso wata iska mai lantarki, Baba. Maganaɗisun duniya yana tare mana ita, amma can ƙurewar arewa da kudu sai ya ja ta ƙasa, ta bugi iskarmu, sama ta haska. Ni a allo kawai nake zana shi."

"Lokacin ina kuku a jirgin ruwa, can tekun ƙurewar arewa. Na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga sama tana kaɗawa kamar labule. Da na ba amaryata labari, ta ce sanyi ne ya taɓa min kai. Na yi alkawarin kai ta."

"Kun je?"

"Kullum sai baɗi. Tana ciki wurin likita yanzu, ya ce idonta ba zai dawo ba."

Tsohon ya matso kusa da malamar.

"Maimaita min a hankali, 'yata. In ta fito, da baki zan nuna mata."