Kujerar da Dasashi Bai Zauna Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam liman, shugaban kamfaninmu, shugaban ƙungiyar direbobi da mutanensa, likitar asibitinmu, da wakilin kamfanin inshora da na hango yana raɓewa bayan ginshiƙi, matso kusa, yau ba faɗa ya tara mu ba. Hajiya uwargidan marigayi, ƙannensa da 'ya'yansa, direbobi da makanikai 'yan'uwana, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni bakanike ne, hannuna ya fi bakina iya aiki. An tsayar da ni nan ne don tun ranar da aka fara danƙa masa sitiyarin bas nake gyara abin da ya ɓata. Kuma zan faɗa tun yanzu, Hajiya, da roƙo na zo wurinki. An ce kin rantse ba za ki je wurin likitan haƙori ba, alhali dasashinki na zubar da jini. Ki ba ni aron kunnenki, in na gama sai ki yanke hukunci.

Yaran gareji da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Dasashi muke ce masa, mu muka laƙa masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa ya rataya a wuya. Taron ƙarin albashi, Dasashi zai ɗaga hannu. Taron taya da birki, Dasashi zai ɗaga hannu. Kowa ya san abin da zai ce, har mukan riga shi faɗa.

Ya kasance mutum mai dariya, irin wadda ake jiyowa daga ramin gyaran mota ko da inji na kunne. Zaman sitiyari da shayi mai zaƙi suka sa masa ciwon suga, kamar yadda suka sa wa yawancinmu. Daga baya bakinsa ya fara jini, haƙora suka soma girgiɗi. Likitarmu ta gaya masa cewa cututtukan biyu abokan tafiya ne: suga na cinye dasashi, rubabben dasashi kuma na hana suga sauka. Ya tafi ofishin inshora da ƙarfin gwiwa, aka ce masa suna biyan allura, suna biyan duba ido da ƙafa, amma abin da ya shafi baki kwalliya ne.

Ya dawo gareji ya same ni a ƙarƙashin mota, ya tsuguna ya ce, “Kai, baƙin mai, dube ni da kyau. Wai ni ne mai kwalliya!” Muka yi dariya har na buga kai da ƙarfe. Ranar ce na fara ganin ya sa tafin hannu ya rufe baki yana dariya, kuma ban ƙara ganin dariyarsa a fili ba. Wallahi ina kewar dariyar nan tun yana raye.

Ya kasance mai naci, nacin da ke sa a tsani mutum kafin a so shi. Da aka zaɓe shi jami'in walwalar ƙungiya, bai tsaya dogon Turanci ba. Ya ari fitilata ta duba inji, aron da har yau ba a dawo da shi ba. Duk zuwan da zai yi ofishin inshora sai ya ɗauki direba guda mai suga, ya zaunar da shi gaban jami'in, ya ce, “Buɗe bakinka, ɗan'uwa, yallaɓai ya ga kwalliya.” Sai ya haska. Kun san direba da girman kai, mutumin da ko matarsa bai bari ta ji warin bakinsa ba. Amma Dasashi yakan fara buɗe nasa, sai kunya ta saki ɗayan. A teburin jami'in nan kuwa akwai kwanon alewa na tarbar baƙi. Duk zuwa sai ya ɗauke kwanon ya ɗora can saman kabad, ya ce kada a kashe masa shaidu.

Ya kasance mai taurin kai, kuma a nan ne, Hajiya, ya shiga haƙƙinki, ba zan ɓoye ba. Da nacinsa ya ishi mutanen inshora, suka kira shi gefe suka ce za a yi masa alfarma, a yi masa aiki shi da iyalinsa, magana ta mutu. Ya san kina da suga kamarsa. Ya san kin daina tauna nama, kin koma jan mayafi kan baki in kina gaisawa da mutane. Duk da haka ya ce a'a, sai dai a yi wa kowa. Ya zo ya zauna kan bencin gareji, bai taɓa shayinsa ba, ya ce mini, “Nawa bakin ban damu ba. Nata ne ke hana ni sukuni.” Na ce masa ya koma ya karɓa, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ya ce in ya karɓa, da wane baki zai ce wa wani direba ya buɗe nasa?

Jama'a, kun san sauran labarin. Zuciyarsa ta tsaya kafin inshora ta sa hannu kan abin da ya nace a kai. Yau a sabuwar yarjejeniya, duk mai suga a cikinmu da iyalinsa zai je a wanke masa dasashi, a yi masa magani, inshora ta biya. Mun gode wa kamfanin, ko da an makara. Direbobinmu sun fara zuwa, suna dawowa suna wage mana baki kamar yaran da suka yi sabon haƙori. Ni kuwa duk wanda na gani sai in waiwaya bencin nan, ina neman wanda zan ce wa ya zo ya ga aikinsa.

Ku 'ya'yansa, bai bar muku gidaje ba, amma duk tashar da kuka shiga kuka ce ku 'ya'yan Dasashi ne, za a tashi a ba ku wurin zama.

Hajiya, an gaya mini abin da kika ce: ba za ki zauna a kujerar da bai zauna ba. Na fahimce ki, kuma ban isa in ce kada ki yi fushi ba, don ke kika biya kuɗin taurin kansa da bakinki. Amma mun riga mun rasa shi, kuma likita ta ce in aka bar naki haka, ba haƙora kaɗai zai ci ba. Ba za mu iya zama a ɗakin nan karo na biyu ba. Gobe da safe bas ɗin da ya tuƙa za ta tsaya a ƙofar gidanki don kai ki wurin likitan haƙori. Ni zan tuƙo ta, duk da ya sha cewa tuƙina na kashe kulochi. Ba zan danna hon ba, ba zan aiko a kira ki ba. Zan kashe inji in jira, in ba ki fito ba jibi ma zan dawo.

Na gode wa shugabanni, na gode wa duk wanda ya ajiye motarsa ya zo. Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya ba ta ikon buɗe mini ƙofa gobe.

Amin.