Saƙon Yaya da Ban Amsa Ba

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Ni direba ne a unguwar Suwaidi, Riyad.

Yayana ya daɗe yana sa murya a wasannin rediyo can gida, yana kuma shirya wasan daɓe. Da ya fara fitowa fili yana cewa a daina dukan masu neman jinsi ɗaya, sai aka sallame shi daga aiki. Ni ma na daina ɗaukar wayarsa.

Ya turo mini saƙo: "Ƙanena, ko gaisuwa mu riƙa yi." Ban amsa ba.

Watan jiya ya rasu, kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki a nan, ya hana ni zuwa ta'aziyya. Yanzu Inna tana tambayata ko mun shirya kafin rasuwarsa. Jama'a, me zan ce mata?