Sifirin Mai Tauri da Tulun Kimci

A ɗakin jira na wani gareji a birnin Daegu, wani dattijo ya dubi saurayin gefensa.

"Samari, motarka ce waccan mai jan ciki a ƙasa?"

"Tawa ce, Baba. Sifirin mai tauri na sa mata. A kwana kamar an liƙe ta da kwalta, amma ko tsakuwa na taka sai haƙorana sun haɗu. Cirewa na zo yi."

"Don haƙora kawai?"

"Ina! Kimci na ɗauko, tsimammen kabejin nan mai yaji da mahaifiyata ta haɗa mana na shekara. Tulu biyu suka fashe a but."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya, ya ƙwala wa makanike kira.

"Kai, dakata, kar ka sa mini irin nasa! Gobe zan ɗauko na surukata."